Inna, Na Kira Sunan Ɗan Fari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ake yi a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya sa kabarinki ya fi ɗakinki na Dambatta yalwa da sanyi. Mu nan Sterling muna lafiya. Maigidan yana lafiya, Nana tana lafiya, jikanki na fari ma lafiyarsa ƙalau, kuma a kansa ne na ɗauki alƙalami.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Shekara shida ke nan da aka kai ki makwanci, ni ina nan wata uwa duniya, ko gawarki ban gani ba. Amma na yi wani abu, bidiyonsa yana ta yawo a wayoyin mata tun daga Maryland har unguwarmu, kowa yana tofa albarkacin bakinsa. Gara ki ji daga gare ni. Ku kuma da za ku karanta a nan, bismillah, ku sami wuri ku zauna, amma da Inna nake magana.

Inna, na kira sunan ɗan fari. A kan tudu na kira shi, gaban jama'a maƙil, da iya ƙarfin muryata, har sai da maƙogwarona ya kwana uku yana raɗaɗi. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ban yi nadama ba.

Ni ce 'yarki ta fari, na san dokar tun ban iya ɗaura zani ba. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ni ce "ke", ni ce "waccan". In da baƙi a gida kuwa sai ki dubi Goggo ki ce, "Ce wa 'yarki ta kawo ruwa." Ranar da na zo ta ɗaya a aji shida na shigo ina tsalle da takarda a hannu, ko ɗaga kai ba ki yi daga tankaɗen da kike ba. Amma da aka raba tuwo, sai na tsinci tsoka a ƙasan kwanona, ni kaɗai a duk yaran gidan.

Ranar da za mu taso Amurka, a filin jirgin Kano, mijina kika kalla kika ce, "To, ga amana nan." Sai kika juya kina gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Na gane, Inna. Duk na gane, domin da irin wannan maganar aka raine ni.

Da na haifi nawa a Minnesota, lokacin maigidan yana karatu, sai na ɗora daga inda kika tsaya. Ba wanda ya sa ni. Babu suruka, babu dangin miji, ko maƙwabciya Bahaushiya babu, amma bakina ya ƙi. "Kai" nake ce masa. Da aka haifi Nana sai ya koma "Yayanku", ko da yake ƙanwar guda ɗaya ce tal.

Ranar da muka kai shi makaranta, malamar ta dube ni da fara'a ta ce yaya sunan yaron. Na juya na kalli babansa. Ta sake tambaya a hankali, tana rarrabe kalmomi, wai ko ba na jin Turanci. Ni da nake aikin jinya a asibitin garin! Na yi murmushi na sake kallon babansa, shi ya faɗa. Muka fito yana ta yi mini dariya har mota.

A can ne ya kamu da wannan wasan. Kin tuna na taɓa yi miki bayani a waya. Dusar ƙanƙara ce take zuba ta rufe ƙasa kamar an baza gari, sai a ɗaura wa kowace ƙafa dogon katako siriri, a riƙe sanda biyu, a yi ta zamiya. Siki suke ce masa. Akwai masu gangarowa daga kan dutse, iska ta yi musu aiki. Nasa ba shi ba ne. Nasa na 'yan wahala ne, gudu mai nisa cikin daji, hawa da gangara, ba abin da ke tura mutum sai cinyarsa da damtsensa. Da aka nuna miki hotonsa cewa kika yi, "Motocin garin sun ƙare ne, za ku sa yaro tafiya a kan ƙanƙara?" Har yau in muka tuna sai mun dara.

Da maigidan ya sami aiki a nan Virginia, a manyan gine-ginen nan marasa taga da ake tara na'urorin kwamfuta, na ce alhamdulillahi, mun rabu da ƙaya. Nan ƙanƙara baƙuwa ce, kwana biyu ta narke. Ashe ban san jikanki ba. Sai ga shi da wasu katakai masu taya, yana tura kansa da sanduna a hanyar keke ta bayan gidanmu, cikin zafin Yuli, jirage suna wucewa ta kansa za su sauka. Mata suka riƙa tare ni a masallaci: "Maman Nana, yaron nan naki lafiya kuwa?" In ce lafiya lau, motsa jiki ne. A raina kuwa in ce Allah ya shirye shi, ya ja mini magana.

Da sanyi ya shigo, duk Asabar babansa zai kwashe mu zuwa duwatsun West Virginia, ko ma gaba, duk inda aka ce ana gasa. Ina zuwa, ban taɓa ƙi ba. Amma a mota nake zama, hita a kunne, fulas ɗin shayi a gefe, carbi a hannu. Ta gilashi nake hango shi ya wuce, ɗan mitsitsi cikin farin fili. Kowa ya ɗauka sanyi nake gudu. Sanyin ma akwai shi, amma gaskiyar ita ce a bakin hanyar nan iyaye ihu suke yi, kuma ihun da suna ake yinsa. Uwaye har da riguna masu sunan 'ya'yansu a rubuce ɓaro-ɓaro a ƙirji. To ni in na fita me zan ce? "Kai, yi sauri"? Yara ɗari ne a wurin, kowa "kai" ne.

A haka har wata jami'a ta can arewa ta ɗauke shi, yana karatun injiniya yana yi musu gudu. Bana shekararsa ta ƙarshe. Kuma bana ne aka zaɓe shi cikin maza ukun da za su wakilci makarantar a gasar ƙasa ta jami'o'i, wadda ita ce ƙololuwar abin a wurinsu.

Da ya zo hutun Disamba, wata ranar Lahadi da hantsi na same shi a gareji yana goga wa katakansa kaki da dutsen gugata. Eh, nawa, wanda nake goge atamfa da shi. Na buɗe baki zan fara faɗa, sai ya riga ni. Kin san 'ya'yan nan, Hausa suke ji, Turanci suke amsawa. Bai ko ɗago ba ya ce, "Mama, wani abokina ya tambaye ni wai ke kika haife ni, ko riƙona kike yi."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce, "Na sani, al'ada ce, Baba ya yi mini bayani tun ina ƙarami. Amma kunyar wa kike ji a nan? Inna ta rasu. A dajin da nake gudu ba kowa sai itatuwa." Ya ci gaba da goga. "In na zo tudun ƙarshe ina jin ana kiran kowa, uwa da uba da kaka. Ni muryar Baba kaɗai nake ji. Wani lokaci sai in ce ko don ban karanta likita ba ne kike fushi da ni."

Na ce, "Kai dai ka cika surutu. Kashe dutsen nan kafin ka ƙona mana gida." Na wuce kicin.

Fushi na fara yi, Inna, fushi sosai. Wa yake soya dambun nama ya aika masa har makaranta? Wa yake tashi ya yi masa addu'a kowace safiyar gasa? Wa ya shekara goma yana daskarewa a mota? Ɗan yau, sai an buɗe baki an ce masa "ina sonka" kamar a fim sannan zai yarda. Na yanka albasar da ta ishi gidan biki.

Da fushin ya lafa sai tsoro ya maye gurbinsa. Tsokar da kika sa mini a ƙasan kwano na gane ta ne saboda duk unguwa haka ake yi, kowace 'yar fari ta san abin da shirun uwarta yake nufi. Shi a ina zai koya? Duk abokansa ana rungume su a bainar jama'a. Shi abin da ya gani shi ne uwa a cikin mota, gilashi a rufe. Zai gama makaranta, ya tafi aiki wata jihar, ya yi aure, ya tafi da wannan zaton a ransa har ranar da za a ce masa na mutu. Wannan ne ya hana ni sukuni tun daga Disamba har Maris.

Ranar da zai koma, yana ɗaura kayansa a saman mota, ya ce, "Ta Maris ita ce ta ƙarshe, daga ita na ajiye. Ki zo. Kuma ki fito daga mota." Na ce Allah ya kai mu. Ban yi alkawari ba.

Allah ya kai mu. Awa tara muka yi a hanya zuwa wani ƙaramin gari cikin duwatsu, ni da maigidan da Nana. Nana ce ta shirya ni: wando uku a ƙarƙashin abaya, rigar sanyi a kan rigar sanyi, takalman babanta a ƙafata saboda nawa wai na gayu ne. Na zama kamar buhun gero da aka ɗaura wa mayafi.

A zauren da iyaye ke shan ɗumi akwai tsofaffin hotunan gasar a jikin bango, tun na zamanin da babu kala. Samari ne da rigunan ulu da katakai na ainihin itace, sun jeru suna riƙe da kofi. Jikanki ya ja ni ya nuna mini ɗaya, ya ce 'yan makarantarsu ne, kuma tun daga wannan hoton kofin bai sake zuwa hannunsu ba. Na bi bangon da kallo daga farko har ƙarshe. Ban ga mai kama da shi ba ko ɗaya. Na san shi ma ya riga ni lura.

Ranar Alhamis aka yi tseren farko, wanda ake sakin su ɗaya bayan ɗaya. Na fito daga mota, Inna. Na tsaya a bakin hanya, hannuwana cikin aljihu, bakina gum. Surukinki kuwa ya yi ihun da ya ishi mutum biyar. Ya bi yaro da gudu, ya dawo, ya sake bi, har 'ya'yan wasu ma sai da ya taya. Yaron ya zo tsaka-tsaki, ba yabo ba fallasa. Da ya wuce ta gabana ya kalle ni sau ɗaya, ya mai da kai.

Wayewar garin Juma'a maigidan ya buɗe baki zai ce ina kwana, sai iska. Murya ta tafi ɗungurungum. Ba irin citta da kanumfari da zuma da lemon tsamin da ban dafa masa ba. Ya sha har ya gaji, in ya yi magana sai ka rantse ɗan tsako ne ya faɗa rijiya. Nana tana ta tsokanarsa. Ni ban yi dariya ba, domin na san abin da ke tafe.

Ranar Asabar ce babbar rana, kilomita ashirin, a sake su gaba ɗaya. Kocinsu, wani dogon dattijo mai jar fuska da yake ce mini Mama alhali ya girme ni, ya yi mini bayani da safe. Makin kowa ake haɗawa a ba makaranta. Makarantu biyu ne suke kankankan, tamu mai koren kaya da wata mai ja. Abokan gudunsa biyu ya san inda za su ƙare. Ya ce, "Akwai jajaye biyu da suke sa'o'in ɗanki. In ya riga su shiga, kofi namu ne. In ɗaya ya riga shi, mun tafi gida hannu rabbana." Ba da waɗannan kalmomin ya faɗa ba, amma abin da yake nufi ke nan.

Zagaye huɗu za su yi, kuma kowane zagaye sai sun hau wani tudu mai tsayi dab da ƙarshe. Nan babansa yake tsayawa kullum, nan muka tsaya. Nana ta tafi bakin layin gamawa. Maigidan, tun da ba murya, sai ya zaro waya ya koma mai ɗaukar hoto.

A gefena akwai wata tsohuwar Baturiya, jikanta yana yi wa wata makarantar daban gudu. Ta miƙo mini ƙararrawa. Inna, irin wadda ake rataya wa saniya a wuya, ita manyan mutane masu furfura suke kaɗawa a wurin nan. Na ce a raina, jikar masu shanu, yau ga ki ga gadonki. Na karɓa.

Zagayen farko suka zo a dunƙule, sanduna suna ƙyas-ƙyas, numfashi yana tashi kamar hayaƙi. Na hango shi a tsakiya. Na kaɗa ƙararrawa sau biyu, a hankali, kamar mai sallama a gidan surukai.

Zagaye na biyu sun fara rarrabuwa. Yana nan tare da jajayen, kafaɗa da kafaɗa. Na ce "Allah ya taimaka" yadda ni kaɗai na ji.

A na uku ne gabana ya faɗi. Jajayen sun ba shi rata. Yawu ya daskare a gemunsa, bakinsa a buɗe, fuskarsa ta yi fari fat. Na san fuskar nan. Ita ce wadda ya yi yana ɗan shekara biyu, da ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi a asibitin da nake aiki, na kwana huɗu a kansa ina ce wa abokan aikina "yaron" kamar ɗan wani. Da ya iso daidai inda muke sai ya ɗan karkato da kai, yana neman muryar da ya saba ji. Babansa ya buɗe baki iya buɗewa. Ba abin da ya fito. Yaron ya sunkuyar da kai ya wuce.

Minti goma sha wani abu ne tsakanin wannan da zagayen ƙarshe, amma na yi shekara a cikinsu. Da ke na yi ta magana, Inna. Na ce me za ki ce. Na ce me Goggo za ta ce in ta ji. Na ce shekara ashirin da biyu ina riƙe da abu, yau zan sake shi a gaban Turawa da ƙararrawar saniya a hannu?

Sai ihu ya taso daga ƙasan tudun. Na gaba suka wuce, mutum huɗu. Sai ja. Sai wani jan. Sai kore, a bayansu da kamar tsawon ɗaki biyu, yana hawa kamar an ɗaura masa turmi a ƙugu.

Tsohuwar nan ta dafa ni ta ce, "Wannan koren naki ne, ko? Yaya sunansa? Faɗa mini mu taya ki kira."

Na juya na kalli babansa, yadda na saba tun ranar makarantar nan. Shi ma ni yake kallo, waya a hannu, ya nuna maƙogwaronsa ya girgiza kai. Nana tana can nesa. Duk faɗin tudun nan bakin da ya san sunan kuma yake aiki guda ɗaya ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Haruna!"

Ni kaina sai da na firgita da jin muryar. Ashe sunan yana da daɗi a baki haka. Ashe ya daɗe a nan, a bayan haƙorana, yana jira.

"Haruna! Haruna, tashi! Ɗaga ƙafarka, Haruna, ga su nan gabanka!"

Ya ɗago kai, Inna. Wallahi ya ɗago kamar an watsa masa ruwa. Bai kalle ni ba, ba lokaci, amma na ga kafaɗunsa sun miƙe. Ya kafa sanduna. Tsohuwar ta kama sunan, na kusa da ita suka kama, kafin ka ce kwabo rabin tudun yana kiran jikanki, kowa da irin yadda harshensa ya iya. Ni kuwa ban san lokacin da na tattare abaya na bi gefen hanya da gudu ba. Ina gudu ina kira, ina kira ina kaɗa ƙararrawa. Da ya kamo jan farko ya wuce shi a tsakiyar tudun, sai na ji guɗa ta kufce mini, irin ta ranar kai amarya, mai tsawo, har dajin ya amsa. Turawa suka juyo suna kallo. Ko a jikina.

A nan takalmin surukinki ya cire, na kifa cikin ƙanƙara har wuya. Duk wannan yana cikin bidiyon. Mutumin da ya kamata ya zo ya ɗaga ni ya tsaya yana ɗauka.

Ban ga ƙarshen ba. Ina zaune a ƙasa ina laluben takalmi na ji lasifika tana ta ɓaɓatu daga can ƙasa, na ji ihu ya tashi ya ƙi sauka. Sai wayar maigidan ta yi ƙara, ya miƙo mini tun da shi ba ya iya amsawa. Nana ce, tana kuka tana dariya: "Mama, ya wuce ɗaya jan ma! A kan layi ya wuce shi, da tsawon takalmi! Yaya ya zo na biyar, sun ci, Mama, sun ci kofin!"

Na biyar, Inna. Ba shi ya zo na ɗaya ba, kada a ƙara wa miya gishiri. Amma na biyar ɗin nan shi ya kawo kofin da makarantarsu ta daɗe tana hange. Na yi sujada a inda nake. Goshina ya yi sanyi har cikin ƙwaƙwalwa, ban damu ba.

Kafin mu gangara an ɗaga shi daga inda ya zube, an lulluɓa masa bargo, abokansa sun yanyame shi. Kocin yana kuka wiwi, ƙato da shi. Ina isowa sai kunyar ta dawo mini gaba ɗaya, har da ta bashin baya. Na tsaya nesa kaɗan. Na yi wa kocin barka. Na yi wa abokansa sannu. Na shiga kakkaɓe ƙanƙara daga mayafina, ina kallon wani wuri daban.

Ya ratso su ya zo gabana, yana tangaɗi, leɓunansa sun tsage. Na ɗauka zai ce mun ci, ko kin gani. Sai ya rusuna kaɗan, yadda babansa ya koya masa, ya ce da Hausa:

"Na'am, Mama."

Shi ke nan abin da ya ce. Kiran da na yi a kan tudu ne yake amsawa. Inna, na yi kuka. Na kama kansa da hannu biyu a gaban kowa, jiƙe sharkaf da gumi, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka haife shi saboda kunyar ungozoma.

Yanzu ga mu mun dawo. Surukinki, da muryarsa ta dawo, abin da ya fara yi shi ne tura bidiyon ga ƙanwarsa, ita kuma ta tura wa duniya. Hajiya Balaraba ta Largo ta kira ni tana shaƙiyanci: "Maman Nana, ashe kin san sunan? Mu mun ɗauka mantawa kika yi." Daga gida kuma an aiko da saƙon murya, ba sai na faɗi mai shi ba, wai Amurka ta cinye ni, wai da kina raye da ban yi ba. Wataƙila da gaskiyarta. Amma ita ba ta ga fuskar yaron a zagaye na uku ba.

Ba wai na zubar da abin duka ba ne. A gaban manya har yanzu "Yayan Nana" ne, bakina ba zai sake ba, kuma ba na so ya sake. Amma in ya kira waya, mu biyu, nakan faɗa sau ɗaya. Sai in ji ya yi shiru kaɗan kafin ya ci gaba da magana. An ce za a rataya hotonsu a bangon nan na zaure. Ya ce in an rataya zai kai ni in gani, na ce sai dai da rani.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Ban taɓa zarginki ba, Inna, kuma yau ma ba zargi na kawo ba. Na san irin son da kika yi mini, na ci shi a kwano, na gan shi a gyaran mayafi. Amma da na ga yadda yaron nan ya ɗago kai, sai na gane wani abu da na ɓoye wa kaina shekara da shekaru. Ni ma na so in ji. Ko sau ɗaya. A wayarmu ta ƙarshe, kina asibiti, muryarki ta yi ƙasa, kika ce, "Yaya mutanen gidan?" Na ce lafiya. Kika yi shiru mai tsawo, ni ma na yi shiru, ina jira. Sai kika ce, "To, Allah ya yi albarka." Na daɗe ina tunanin abin da ke cikin shirun nan. Yanzu da na san yadda suna yake tsayawa a bayan haƙora, ina jin na sani.

Allah ya jiƙanki, Inna. Allah ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da Aljanna Firdausi a kan kowace tsoka da kika hana bakinki. Allah ya raya Haruna da Nana bisa tafarkin gaskiya, ya ba su 'ya'ya masu jin ƙansu. In na yi kuskure a kan tudun nan, Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe mini. Allah ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. In mun haɗu, kada ki takura kanki. Ko "ke" kika ce, da gudu zan zo.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Hadiza
Sterling, Virginia